Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu sha'awar ɗaukar hoto, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, iyayen ƙungiya da shugaba, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Kamar yadda aka saba ni sakatare ne zan kawo muku abinda muka yi, shi kuma ma'aji zai karanto lissafin kuɗi da kansa ranar zama dan kowa ya ji da kunnensa ya yi tambaya, dan haka ba zan shiga wannan ba anan.

Tambayar da ta fi yawa a bana ita ce dai wadda ta fi yawa bara, wato malam wace kyamara zan saya. Kusan duk sabon mamba da ita yake shigowa, kuma amsar da muka tsaya a kai ita ce kar ka ci bashi saboda kyamara. Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi hankalin kowa ya koma can, shi yasa tsofaffin irinsu Canon 600D da 700D da Nikon D3300 suke samuwa na hannu, kuma wallahi har gobe suna aiki mai kyau in ka haɗa su da lensi 50mm f/1.8 wanda shi ne mafi sauƙin kuɗi cikin masu buɗewa sosai. Mun raka mutane da dama saye, abinda muke dubawa shi ne sau nawa shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna hoto, ta buga, sannan a cire lensi a haska shi da tocilan waya a ga ko akwai fumfuna a ciki, mai kama da saƙar gizo-gizo, dan damina tana yi wa kayan da aka ajiye a jaka illa ba kaɗan ba.

Wani abu ya faru da wata ƙanwarmu da nake so kowa ya sani. Ta sayi Canon 4000D sannan ta tara kuɗi ta sayi filasha ta hannu, aka ɗora ta ƙi tashi sam, muka canza batir muka goge muka yi duk dabara, har an fara cewa mai kayan ya cuce ta. Sai da wani dattijonmu ya karɓa ya leƙa wajen da ake zura filashar a saman kyamara ya nuna mana babu ɗan ƙarfen nan na tsakiya, ashe wannan samfurin da 250D haka aka ƙera su, filashar da ta dogara da wannan ƙarfen ba za ta taɓa tashi a kansu ba. Mai kayan bai da laifi, kuma ya yi mana kirki ya karɓi abinsa. Dan Allah duk mai irin wannan kyamara ya zo da ita a gwada kafin ya biya kuɗin filasha.

Filasha kuwa ita ta cinye mana shekarar, kuma ni a ganina nan ne muka fi samun ci gaba. Da yawanmu da can sai dai mu saita ta a fuskar mutum mu danna, hoto ya fito goshi na ƙyalli kamar an shafa mai, bayansa kuma baƙi ƙirin ga inuwa a bango. Zaman farko da muka yi a kai a falon gidan shugaba ne bayan isha'i, aka zaunar da mutum ɗaya a kujera kowa ya ɗauke shi sau biyu, ɗaya kai tsaye ɗaya kuma an juya kan filashar sama hasken ya bugi silin ya dawo. Da aka jera hotunan a kwamfuta shiru aka yi, dan bambancin ba ya buƙatar bayani, fuskar ta yi laushi har aikin hularsa ya fito zare-zare. Amma a nan muka gano matsalar dakunan biki namu, wani silin ɗin ya yi tsawo sosai wani kuma an masa fenti mai kala ko an lulluɓe shi da yadin ado, in silin ja ne to amarya ma ja za ta fito. Maganin da muka samu shi ne farar laima da filasha a kan sanda, da ɗan abin tayar da filasha daga nesa na kamfanin Godox a saman kyamara, wani ya riƙe a gefe kaɗan sama da kan mutum. Wanda bai da laima farin kwali ma ya yi.

Sai maganar baƙin layin nan da ke yanke ƙasan hoto, wanda mutane suka sha turowa suna cewa kyamararsu ta lalace. Lafiyarta ƙalau, gudun shota ne ya wuce abinda filasha za ta iya bi, a yawancin ƙananan kyamarorin nan iyakar 1/200 na daƙiƙa ne, in ka wuce haka labulen shota zai fara rufewa kafin hasken ya cika sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Haka kuma mun auna da tif a ƙasa muka gani da idonmu, in ka ninka nisan filasha daga mutum hasken da ke isa gare shi kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa ba rabi ba, shi yasa a hoton dangi na gaba suke ƙonewa na sahun baya su yi duhu. A ja filasha baya a ƙara mata ƙarfi sai kowa ya samu daidai.

Fita waje ba mu yi da yawa ba kamar yadda muka so, tsadar mota ta hana. Mun hau Dala da asuba lokacin hunturu, hazo ya rufe gari hasumiyoyin masallatai ne kawai suke leƙowa, hotuna sun yi kyau amma wasu sun canza lensi a saman dutse cikin iska suka dawo da ɗige-ɗigen ƙura a kowane hoto, sai da muka yi zama guda na koyon hura sensa. Dan Allah ba da baki ba, kuma ba da gefen riga ba. Mun je marinar Ƙofar Mata ma, wadda tarihi ya nuna tun 1498 take, kuma abinda ya fi min daɗi shi ne mun fara gaida marina mun nemi izini kafin kowa ya ɗaga kyamara, bayan sati biyu kuma muka wanke wasu hotunan muka kai musu. Wani tsoho ya riƙe nasa da hannunsa da baba ta rina shuɗi ya daɗe yana kallo, ya ce an sha ɗaukarsa amma ba a cika dawo masa da shi ba.

Bangaren gyaran hoto, Lightroom da Photoshop biyan wata-wata ne kuma da yadda dala take ba kowa zai jure ba, na sata kuma da ake sa wa mutane a kasuwa ya jawo wa wani namu cutar kwamfuta hotunan sunan 'yarsa suka tafi gaba ɗaya, abin ya taɓa mu duka. Shi yasa muka koyar da Darktable da GIMP waɗanda kyauta ne halak malak, masu waya kuma Snapseed. Darktable yana da wuyar sabo gaskiya, wasu sun gudu tun zama na biyu, amma waɗanda suka daure yanzu suna ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, suna dawo da farar shadda da ta so ƙonewa. Inda muka yi muhawara mai zafi shi ne hasken fata. Wasu sun ce masu biki ne ke cewa a ƙara musu haske, kuma haka ne, to amma mu da ba dan kuɗi muke yi ba ban ga dalilin da za mu maida baƙar yarinya fara har mahaifiyarta ta kasa gane ta ba. Baƙar fata in ta samu haske daga gefe kyanta daban ne, mun gani a hotunan falon shugaba.

Abinda bai tafi daidai ba shi ne kayan aro. Filashar ƙungiya da laima biyu da muka saya da kuɗin wata, an dawo da laima ɗaya a karye ba wanda ya ce shi ne, batiran caji kuma sun ragu. Ba zan kama suna ba, amma kwamiti ya yanke daga yanzu sai an sa hannu a littafi, kwana uku a dawo da kaya, wanda kuma bai biya kuɗin wata ba ba zai ara ba. 'Yan uwa mata sun yi ƙorafi cewa zaman dare ba ya musu, kuma gaskiyarsu ne, dan haka zaman filasha na gaba ranar Asabar ne da hantsi, za a rufe tagogi da labule mai kauri. Kowa ya zo da kyamararsa da batir cike da caji, wanda ke da farar laima ko kwali ya taho da shi.

Naku,
Sakatare