Sanarwa kan Taegeuk Il Jang

Assalamu alaikum, ƴan rukuni. Masu shirin jarrabawar ɗamara, a maida hankali kan Taegeuk Il Jang, na farko cikin poomsae (tsararren jerin motsin kariya da kai hari) 8 na Taegeuk a Tekwando. Alamarsa Keon ce, wato sama, mafarin komai. Motsi 18 ne.

Ana farawa da juyawa hagu a gajeriyar tsayuwa, ap seogi, da kariyar ƙasa, sai taku da naushi daidai ƙahon zuci. Kuskuren da ya fi yawa a doguwar tsayuwa ne, ap kubi: mutum ya ɗaga diddigen baya, nauyi ya zube, naushin ya fita ba ƙarfi. Bayan harbin gaba, naɗe gwiwa kafin a sauke ƙafa. Kihap kuwa, wato ihun da ake yi, sai a naushin ƙarshe kaɗai.