Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobin ƙungiyarmu ta judo da jiu-jitsu a Damagaram

Assalamu alaikum. Shugaba, malamanmu, iyayen yara da sauran ƴan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kwamiti ya ɗora mini rubuta wannan rahoto a matsayina na magatakarda. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa ranar babban taro. Ni abin da ya faru a kan tatami, wato shimfiɗar da muke horo a kai, zan faɗa, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Zan fara da littafin kiran suna, domin shi bai san kara ba. Tsarinmu bai canza ba: Litinin da Laraba judo, Asabar jiu-jitsu irin na Brazil, Lahadi da safe ajin yara. Da na zauna na bi littafin shafi-shafi, sai na ga sunayen da suka ci jarrabawar ɗamara, wato ta hawa mataki, a bana su ne dai sunayen da ba su ɓace daga shafi ko ɗaya ba, har da ranakun da ƙurar hunturu ta sa sai mun share tatami sau biyu kafin a taka shi. Cikinsu akwai ɗan lakwal wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, akwai kuma magidanci mai shago a kasuwar Dole da ke zuwa da gajiyar yini. A ɗaya gefen kuma, farkon shekara, lokacin da zancen gasar takobin kokowa ta ƙasa ke bakin kowa, samari masu ƙirji sun cika mana ɗaki, wasunsu daga fadojin da ake ɗaga ƙarfe. Mun yi murna da su. Da suka ga mako na farko da na biyu da na uku ba a koya musu komai ba sai ukemi, wato yadda mutum zai faɗi ya bugi tatami da hannu ya kare kansa da wuyansa, sai aka fara nemansu ana rasawa. Ƙalilan ne suka jure, kuma yanzu suna cikin waɗanda muke alfahari da su.

Wasu mambobi sun kawo shawarar a rage kwanakin ukemi don kada sababbi su gudu. Malam babba ya ƙi, kwamiti kuma ya goyi bayansa. Wanda bai iya faɗuwa ba ba za a sake shi ya yi randori, wato karawar gwaji tsakanin ɗalibai, ba, domin ranar da aka ɗaga shi da kayen kan kafaɗa na seoi-nage zai miƙa hannu ya tare ƙasa, kafaɗa ko gwiwar hannu ta biya bashin.

Watanni kuwa kowa ya san yadda suka zo. Azumi ya faɗo a Maris, muka mai da horo bayan asham, kuma abin mamaki zuwan mutane bai ragu sosai ba. Afrilu da Mayu ne suka ba mu kashi: zafi ya haura digiri 40, kuran yana zuwa yana tafiya, kimono, rigar horo, kuma ba rigar shan iska ba ce. Muka gajarta randori, muka tsawaita hutun shan ruwa. A Yuni muka sallami masu shirin jarrabawar BEPC da Bak da kanmu, don kada iyaye su ce judo ce ta kayar da ƴaƴansu. Damina ta kwashi masu gona. Sai a Oktoba, da aka koma lakwal, ɗaki ya sake cika.

Abin da ya fi cin lokacin malamai a bana shi ne sauya tunanin waɗanda suka taso cikin kokowar gargajiya, kuma kusan dukkanmu haka muka taso. A filin kokowa, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi kaye. A judo kayen da ya kai abokin karawa kan bayansa da ƙarfi da sauri shi ne ippon, shi ma ya gama wasa. Amma in kayen bai cika ba ana ci gaba a ƙasa: ka danne mutum daƙiƙa 20 ka sami ippon, daƙiƙa 10 zuwa 19 waza-ari, makin da ke ƙasa da ippon. Tun farkon 2025 ma hukumar judo ta duniya ta dawo da yuko, ƙaramin makin da ta soke a 2017, don haka danniyar daƙiƙa 5 ma yanzu tana da lada. Mun ware zama biyu musamman don bayyana wannan canji. Sai kuma kama ƙafa da hannu a tsaye, wanda hannun ɗan kokowa ke zuwa gare shi ba tare da ya yi shawara da kai ba. A judo laifi ne, shido ake bayarwa, wato gargaɗin alƙalin wasa, uku kuma sun fitar da mutum daga wasa. Ranar Asabar a jiu-jitsu halal ne. Yaro ɗaya ya tambaye ni yadda za a yi abu ya zama haram ranar Laraba ya halatta ranar Asabar. Na ce masa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Wannan tambaya ta yaron ce ta ja muhawarar da ta fi zafi a kwamiti: shin a raba ƙungiyar biyu, ko a bar kowa ya riƙa yin duka? Masu son a raba sun ce dokokin suna rikita yara. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, kuma zan faɗi dalilina. Uwa ɗaya ce ta haife su. Jigoro Kano ya kafa judo a 1882 a makarantarsa ta Kodokan a Tokyo. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil a 1914, kuma daga abin da ya koyar ne Carlos Gracie da ƙanensa Helio suka gina salon da ya fi ba da ƙarfi ga faɗan ƙasa, wanda duniya ta farga da shi a 1993 lokacin da Royce Gracie ya riƙa sa waɗanda suka fi shi jiki suna sallamawa a gasar UFC ta farko, inda ake haɗa masu salon faɗa daban-daban. Juji-gatame da muke koya ranar Litinin shi ne dai makullin hannun da ake koya ranar Asabar. Mun kuma gani da idonmu: masu zuwa ranar Asabar ba sa ruɗewa in an kai su ƙasa a judo, masu zuwa Litinin da Laraba kuma ba sa zubewa su zauna tun kafin a taɓa su. An tashi a kan a bar tsarin yadda yake, a sake duba shi baɗi.

Yanzu ga abin da ba na jin daɗin rubutawa. Mun sami raunuka biyu da suka kai ga asibiti, kuma ɗaya daga cikinsu ba ƙaddara kaɗai ba ce, da hannunmu a ciki. An kama wani ɗan uwa da makullin hannu, ya san ya kamu, amma ya ƙi buga tatami, alamar sallamawa, don ƙaninsa a shekaru ne ya kama shi, ga kuma mutane suna kallo. Gwiwar hannu ta goce. Ya yi wata biyu yana kallonmu daga kan benci. Mu da muke tsaye a wurin muna da namu laifin, da ba mu tsai da wasan ba. Tun daga ranar aka kafa doka: duk wanda aka kama ya sallama da wuri, da hannu ko da ƙafa ko da baki, wanda ya kama kuma ya saki nan take, malami yana da ikon cewa mate, wato a dakata, ko da babu wanda ya buga. Malam babba da kansa yakan bar ƙaramin ɗalibi ya kama shi ya buga a gaban kowa, don a cire wa abin kunya. A ajin yara kuwa babu shaƙa babu makullin gaɓa sam.

Makero ya ɓulla a ajin yara cikin damina, ya bi wuyan kimono daga wannan zuwa wancan. Mun san halin ruwa a garin nan, mun san kuɗin ga-ruwa, amma kimono mai gumin kwana uku ba zai hau tatami ba. A yanke farce, a bar takalmi a bakin ƙofa, mai ƙurji ya zauna gida har ya warke. Batun kimono ma akwai asarar da muka tafka: don sauƙin kuɗi muka ba wani tela ɗinki, ya yi da yadi marar kauri, randori biyu wuyan rigunan suka yage. Laifin namu ne da ba mu kai masa samfur ya taɓa da hannunsa ba.

Game da ɗamara, an yi jarrabawar judo sau biyu, aka ɗaga wasu daga fara zuwa rawaya, wasu zuwa ruwan lemo, wasu kore. Baƙar ɗamara ba a ɗakinmu ake ba da ita ba, sai ta hannun hukumar judo ta ƙasa, Yamai kuma tafiyar kusan kilomita 900 ce, sai an yi tanadi. A jiu-jitsu ba mu ɗaura wa kowa shuɗiya ba, kuma na san akwai masu jin haushin haka. Matakansa biyar ne ga manya: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa, shuɗiyar ma ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba. A cikinmu babu mai matakin da zai ɗaura wa wani. Da mu sayo ɗamara mu raba wa juna, ranar da muka haɗu da masu ita ta gaskiya mu sha kunya, gara kowa ya riƙe fararsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ajin ƴan mata ya tsaya da ƙafarsa a bana, da lokacinsa daban, ƙofa a rufe, uwa ɗaya ko biyu suna zaune. Iyayen da suka yi ɗari-ɗari da farko, zuwa suka yi suka gani da idonsu, ba mu muka shawo kansu da baki ba. Judon mata yana cikin wasannin Olamfik a hukumance tun 1992 a Basalona. Matsalarmu guda ce: muna buƙatar mace mai koyarwa, kuma cikin ɗalibanmu za mu raine ta.

Muna godiya ga iyayen da ke kawo yara a kan moto daga Birni da Zango da Garin Malam, da ɗan uwan da ya ɗauki nauyin randar ruwa shekara guda bai taɓa gori ba. Abubuwa uku za a yanke wa hukunci a babban taro: sauya tatamin da suka tsage a tsakiyar ɗaki, wanda ma'aji ya ce ba zai yiwu ba sai masu bashin kuɗin wata sun biya; gayyato malamin jiu-jitsu mai ikon ɗaura ɗamara ko da na mako guda ne; da kuma shawarar cewa wanda ya yi fashin wata guda ba uzuri ba zai shiga jarrabawar zangon ba. Mai gyara ga wannan rahoto ya same ni kafin ranar taron. Horo zai ci gaba Litinin ta farko a Janairu bayan la'asar, kowa ya zo da kimono wankakke.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamiti.