Waya mai ƙwaƙwalwa takwas, amma shafi na jan ƙafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A kasuwar waya ta Farm Centre, da an ce wa mai saye firosesar waya na da ƙwaƙwalwa takwas, wato sassa takwas masu aiki lokaci guda, sai ya ɗauka shafin intanet zai buɗe kafin ƙiftawar ido. In ya ga yana jan ƙafa, ya ɗora wa sabis laifi. Sau da yawa laifin na injin burauza ne, wato ɓangaren manhajar buɗe shafukan intanet da ke haɗa shafin ya nuna shi.

Injin kan karanta HTML, rubutun da ke bayyana tsarin shafi, ya gina bishiyar shafin, ya lissafa adon kowane reshe daga CSS, rubutun da ke fayyace launi da salo, ya auna mazaunin kowane abu, sannan ya zana a fuskar waya. In ana son motsi ya yi santsi, hoto 60 ake bukata a daƙiƙa, kowanne cikin milisakan 16 da 'yan kai. A tsohon tsari ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke wannan fama, bakwai na hamma.

Lissafin ado ya fi sauƙin rabawa, domin reshe daga ubansa yake gado. Da an gama da uba, sai a watsa 'ya'yan ga ƙwaƙwalen, wadda ta gama nata ta ɗebo daga layin wadda aiki ya yi wa yawa. Haka Stylo ke yi, sashen lissafin ado da aka rubuta da yaren kwamfuta na Rust, wanda kamfanin Mozilla ya ciro daga injinsa na gwaji mai suna Servo ya sa a burauzar Firefox 57 a Nuwamban 2017, bayan ya gwada sau biyu da yaren C++ abin ya ci tura.

Me ke kawo cikas? Ƙwaƙwale biyu su taɓa wuri ɗaya a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta na'ura, lokaci guda, ko a saki wuri a ci gaba da amfani da shi. Masu Chromium, tushen burauzar Chrome, sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na manyan ɓarakar tsaronsu daga sarrafa RAM suke. Yaren Rust ya gindaya ƙa'ida: a kowane wuri na RAM, ko masu karatu da yawa, ko mai rubutu ɗaya tak. Wanda ya saɓa, manhajarsa ba za ta ginu ba ma.

Sai dai kada a zuzuta. JavaScript na shafi, yaren da ke sa shafi motsi da amsa dannawa, a layi ɗaya yake tafiya, kuma in rabin aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa ɗari aka zuba, saurin ba zai wuce ninki biyu ba. Ware kowane dandali a ɗakinsa, da Chrome ta yi a 2018 saboda ɓarakar tsaro a firosesa mai suna Spectre, shi ma RAM yake ci, abin da ƙananan wayoyin jama'armu ba su da shi a wadace.

Muna roƙon sassan koyar da kwamfuta na jami'o'in Kano su sa Rust da darasin rabon aiki a manhajar karatu. Servo a buɗe yake a GitHub, dandalin ajiye manhajoji, ɗalibi na iya saukewa ya gwada.

Daga wasu masu rubuta manhajar kwamfuta,
Kano.