Direbobin Illela da Ƙonni na buƙatar zauren tattaunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ƙungiyoyin sufuri na jihar Sakkwato.

Tun shekarar 1998 Tarayyar Turai ta kafa kwamitoci na fannonin sana'a, inda ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata daga ƙasashe daban-daban suke zama su daidaita kan lokutan aiki da lafiyar ma'aikata. Yarjejeniyar da ma'aikatan jiragen ruwa suka ƙulla da masu jiragen a shekarar ta zama doka a 1999.

Mu kuwa, lokacin da aka rufe iyakar Illela da Jamhuriyar Nijar a watan Agustan 2023, manyan motoci sun yi jerin gwano, albasa tana ruɓewa, direbobi suna kwana a ƙarƙashin motocinsu ba tare da sanin wanda zai biya su kuɗin kwanakin ba. Da a ce ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO suna da zama na dindindin da takwarorinsu na Birnin Ƙonni da ke Nijar, da tuni an cim ma matsaya a rubuce kan kuɗin jira, da asarar kaya, da jinyar direban da ya yi haɗari a ƙetare. Harshenmu ɗaya ne, ko tafinta ba a buƙata, saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin nan da su kira taron farko a Illela.

Wassalam,
Mai karatu, daga Sakkwato.