Jarumin da zai koma bayan kyamara ya kamata ya fara koyon rubutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan abin da ya zama yayi a Kannywood: da zarar jarumi ya yi suna, sai ka ji ya zama darakta, kuma wai shi ne marubucin labarin.

Ba na ƙin jarumi ya ci gaba. Ta nan Ali Nuhu ya bi. Ya fara fitowa a fim a 1999, ya kafa kamfanin FKD, ya ba da umarni a fina-finai da dama, har a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Daraktan da ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya san halin da ɗan wasa ke ciki, ya san lokacin tsawa da lokacin da zai ja yaro gefe ya lallaɓa shi.

Rubutu kuwa wani fage ne daban, nan ne abin ke ci mini rai. Aikin kwantiniti nake yi, wato kula da cewa kowace fitowa ta dace da wadda ta gabace ta, ni ke riƙe da takarda a lokeshan, wurin ɗaukar fim. Na sha ganin an biya kuɗin gida, an tada janareta, 'yan wasa sun gama kwalliya, amma abin da aka miƙo mini bai wuce shafi uku ba. Sai darakta ya ce, "Ke ki ce kaza, kai kuma ka mayar mata." A wani shiri, matar da aka yi wa saki a kashi na huɗu sai ga ta a ɗakin miji a kashi na shida, ba biko, ba bayani. Mai tace hoto ya rasa yadda zai haɗa. A zamanin kaset waƙa da rawa kan rufe irin wannan ɓaraka. Yanzu da shiri mai dogon zango ke fita mako-mako a YouTube da Arewa24, labari ne kaɗai ke dawo da mai kallo.

Hukumar da Ali Nuhu ke shugabanta tana da makarantar koyon fim a Jos. Roƙona shi ne a riƙa kawo gajeren kwas na rubutun fim Kano, da Hausa, domin yawancinmu ba za mu iya barin aiki mu tare a Jos ba. Jarumin da bai samu koyo ba kuma, Kano cike take da marubuta littattafan Hausa. Ya nemi ɗaya, ya biya shi haƙƙinsa kafin a fita aiki, ya sa sunansa a fim.

Naka,
Wani ma'aikacin fim,
Kano