Wasiƙa Zuwa Minesota

Birnin Kebbi,
daren Juma'a.

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran hoton takwararta.

Na sha dariya da ƙorafinka, wai sanyi ya wuce, rana ta fito, amma an rage muku lodi a wasu hanyoyi. Direba dai direba ne, ko a Amurka!

Bari ni ɗan aikin hanya in kare hukumar hanyoyinku. Ruwa in ya daskare, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, amma wannan ƙaramar ɓarna ce. A ƙasa mai laushi, ƙanƙarar da ke ƙarƙashin kwalta zuƙo ruwa take yi daga can ƙasa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir, tana ƙara kauri har ta ɗaga titi. Narkewa kuma daga sama take farawa. Can ciki yana nan kamar dutse, ruwa ya rasa inda zai tsiyaye. Ka ga kwalta sumul, ƙarƙashinta kuwa kunu. Tirelarka na hawa, sai tsagewa da ramuka.

Kuma ba da ka suke yanke hukuncin ba. Suna binne na'urorin auna zafi da danshi a zurfi daban-daban. Tsohuwar dabarar ma ta fi burge ni: bututu mai shuɗin ruwa, inda ya daskare launin ya gushe, a zaro a auna. Kusa da garin Albertville, nan jiharku, akwai titin gwaji, MnROAD, tun 1994 suke wannan bincike. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota, ɓarnar kan ninka kusan sau 16. Dokar rage lodin yawanci ba ta wuce mako 8, ka daure.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu. Ba mu da ƙanƙara, amma ruwan Agusta haka yake jiƙa ƙarƙashin hanyoyin da suka ratsa fadama, ga manyan motoci shaƙe da siminti da taki. Shekaruna nawa a aikin nan, ban taɓa binne ko na'ura ɗaya ba. Sai dai mu jira rani mu cike ramuka.

Don Allah in ka ga akwatin na'urar a gefen titi, ɗauko mini hotonsa, ina so in nuna wa oga. Kilishinka na nan, mai tafiya nake jira.

Naka,
abokinka na Birnin Kebbi.