Yawan ban ruwa ne ke kashe ƙariya a gidajenmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wata shuka da jama'a ke ta asarar kuɗi a kanta ba gaira ba dalili. Ina nufin ƙariya, shukar nan mai kumburarren gindi da gajerun rassa masu kauri, wadda take fitar da fure ja ko ruwan hoda da tsakar rani, wani lokaci ma babu ganye ko ɗaya a jikinta. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum.

A 'yan shekarun nan masu sayar da fulawa a bakin titi a Kano da Kaduna da Abuja sun cika rumfunansu da ita, musamman mai aure, wato wadda aka ɗaura reshen wata ƙariyar a kan gindin wata, irin wadda manoman Tailan da Taiwan suka ƙware a kai, mai fure ninki biyu ko uku. Mutum ya saya da tsada ya kai gida, kafin damina ta fita gindin ya ruɓe. Daga nan sai a ce mai fulawa ya yi ha'inci, ko a ce ai shukar waje ce, ƙasarmu ba ta karɓe ta ba. Alhali asalinta nan ne. A daji take fitowa tun daga Senegal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta ƙetara Yaman, kuma cikin duwatsu da tsakuwa, inda ruwa ba ya kwana. Abin da ke kashe ta a gidajenmu shi ne ana yi mata ban ruwan alayyafo.

Kumburin nan na gindinta ma'ajiyar ruwa ce. Da shi take ratsa watanni bakwai ko takwas na rani ba tare da ɗigon ruwa ba. Saiwarta kuwa mai nama ce, tana buƙatar iska. In ƙasar da ke kewaye da ita ta jiƙe sharkaf ta yi kwanaki a haka, iska ta ƙare, ƙananan saiwoyi su mutu, ruɓa ta shiga ta nan ta hau zuwa gindi. Ganye yana nan kore shar, mai shuka bai san komai ba, sai ranar da ya danna gindin yatsansa ya nutse.

Saboda haka gyaran farko a ƙasa yake. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna zuwa ne a baƙar leda cike da ƙasar fadama, mai laka, wadda take riƙe ruwa kuma in ta bushe ta ƙame. Kada a zuba wannan dunƙulen a tukunya yadda yake. A yaga ledar, a karkaɗe ƙasar, a wanke saiwar a hankali, a yanke duk wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi, a ajiye shukar a inuwa kwana biyu ko uku ta sha iska. Haɗin da ke aiki, kuma duk kayansa akwai su a unguwa, shi ne: kwano biyu na yashin kogi mai gwari-gwari, irin wanda magina ke buga bulo da shi, kwano ɗaya na gawayi da aka farfasa ya zama girman ƙwayar gyaɗa, da kwano ɗaya na takin shanu ko na tumaki da ya shekara ya ruɓe ya zama ƙasa. Wanda ya sami fasasshen jan bulo ko tsakuwa zai iya maye rabin yashin da su. Rairayi mai laushi irin na share tsakar gida bai dace ba, domin toshe ƙofofin iska yake yi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake. Gwajin mai sauƙi ne: a cika tukunya da haɗin, a zuba kofi biyu na ruwa. In bai fara fita ta ƙasa ba kafin a ƙirga ashirin, a ƙara yashi da gawayi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, saboda jikinta yana numfashi, kuma ba ta ɗaukar zafin rana ta dafa saiwa. A zaɓi mai faɗin baki marar zurfi, wadda ta fi gindin shukar faɗi da yatsu uku kacal ta kowane gefe. Babbar tukunya ga ƙaramar shuka kuskure ne da ake yawan yi da kyakkyawar niyya: ƙasar ta yi yawa, saiwa ba ta iya shanye ruwan da ke ciki. A huda ƙasan tukunyar wuri uku ko huɗu, kowane rami ya kai kaurin babban yatsa, a ɗora ta a kan bulo biyu. Bayan dashe kada a ba ta ruwa sai ta yi mako guda, don raunukan saiwa su warke.

Ban ruwa ba shi da ranaku tsayayyu, yanayi yake bi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai inda ya kai kuma shukar tana toho, tana shan ruwa fiye da yadda ake zato. Tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30 da ke cikin rana takan bushe a kwana uku ko huɗu. A soka tsinke har ƙasan tukunya, a bar shi minti ɗaya, a zare. In ya fito da danshi, a haƙura. In ya fito a bushe, a zuba ruwa sosai har ya fita ta ramukan ƙasa. Yayyafa ɗan ruwa kullum da safe shi ne mafi muni, domin sama ta zauna a jiƙe, saiwar ƙasa kuma ba ta samu ba.

Da damina a ajiye bokiti gaba ɗaya. Yuli da Agusta, lokacin da ake marka, su ne watannin da aka fi yin asara. In aka jera kwanaki ana ruwa ba rana, a janye tukwane zuwa ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga, kuma kada a kuskura a bar su ƙarƙashin indararo. Wadda aka shuka a ƙasa kai tsaye, a tabbata a kan tudu take, an ɗaga wurin da kamar santimita 30 da yashi da tsakuwa. Mutanen Kaduna da Jos da Abuja, inda ruwa ya fi yawa kuma damina ta fi tsawo, su fi kowa kiyaye wannan.

Da hunturu ganye yakan yi rawaya ya zube. Wannan hutu ne, ba ciwo ba ne, amma nan ne mutane ke ruɗewa su ƙara ruwa da taki. Shukar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa sosai, ga sanyin dare, sai saiwa ta ruɓe. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, da hantsi, ba da yamma ba. Inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, kamar Jos a Disamba da Janairu, gara a bar ta a bushe.

Gindi mai laushi iri biyu ne, kuma maganinsu kishiyar juna ne. In ƙasa a bushe take ƙayau, fatar gindin ta yi tamoji amma kalarta ba ta canja ba, ƙishirwa ce, ban ruwa ɗaya mai kyau zai cika shi cikin 'yan kwanaki. In ƙasa da danshi, wurin ya yi duhu, yana nutsewa in an danna, ko yana tsami, ruɓa ce, kuma ba a jira. A tuge shukar, a wanke, a ɗauki wuƙa mai kaifi a goge ta da sifirit ko a gasa bakinta a wuta. A yi ta yanke ruɓaɓɓen nama har a kai ga fari tas, ba ɗigon tabo mai kalar ruwan ƙasa ko ɗaya, ana goge wuƙar bayan kowane yanka. Tausayi a nan shi ke jawo asara, domin ɗan tabon da aka bari shi zai ci gaba da ci. A barbaɗa garin farar wuta ko garin gawayi a kan raunin, a rataye shukar a inuwa mai iska kwana goma zuwa mako biyu har wurin ya bushe ya yi ɓawo. Sannan a dasa a busasshen haɗi sabo, a jira wani mako kafin ruwa. In ruɓar ta cinye gindin duka, a yanke rassan da ke da lafiya a dasa su.

Masu kukan cewa tasu ba ta fure, su fara duba rana. Ƙariya tana son rana kai tsaye aƙalla awa shida. A falo ko a ƙarƙashin darbejiya sai ta yi dogayen rassa sirara da ganye kawai. Sai dai wadda ta daɗe a rumfar mai fulawa a fito da ita sannu a hankali cikin mako biyu, in ba haka ba rana ta ƙone mata fata. Abu na biyu taki ne. Yuriya ganye take sa wa. Rabin cokalin shayi na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da gindi, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Satumba, ya wadatar. Na uku aski: fure a kan sabon toho yake fita, don haka reshe ɗaya dogo fure kaɗan zai ba da. A farkon bazara a datse rassan a bar santimita 10 zuwa 15, yankan a karkace don ruwa ya zame. Kowane reshe zai fitar da biyu ko uku, fure ya biyo baya cikin wata biyu zuwa uku. Ba a aski da marka, ruwa zai shiga ta yankan. Mai aure kuma a lura da duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren a cire shi, domin na uwar gindi ne, in aka bar shi zai rinjayi na sama, furen da aka biya kuɗi dominsa ya ɓace.

Wajen yaɗa ta, reshe ya fi sauƙi: a yanki mai tsawon santimita 15 zuwa 20, a bar shi a inuwa mako guda bakin ya bushe, a kafa a yashi mai ɗan danshi. Amma ba zai yi gindin nan zagayayye da wuri ba. Mai son gindi sai ya shuka iri. Da yawa sun ɗauka ba ta 'ya'ya, alhali tana yi, musamman inda shuka biyu da ba daga uwa ɗaya aka yanko su ba suke kusa da juna. Kwanson yana fitowa biyu-biyu kamar ƙahon akuya. In ya ƙosa a ɗaure shi da zare sako-sako, domin yana tsagewa iska ta kwashe irin, kowace ƙwaya da gashi a kai da gindi. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar a kan yashi, a rufe da 'yar ƙasa wadda kaurinta bai kai rabin santimita ba. Sabon iri da zafi yakan tsiro cikin mako guda, wanda ya yi watanni a ajiye kuwa rabi ma da ƙyar. Jariran suna son danshi da inuwa-inuwa a wata biyu na farko. Duk shekara biyu in za a sauya tukunya, a ɗaga gindin sama da santimita biyu ko uku, saiwoyi masu kauri su fito fili. A nan zan ja kunnen masu sayen iri ta intanet: hotunan ƙariya mai fure shuɗi haɗi ne, babu ita, kuma irin da aka ɗiba daga mai fure ninki ba lallai ya gaji uwarsa ba.

Ƙwari ba su da yawa. Da ƙurar hunturu akwai wasu ƙanana ƙwarai da ke saƙa a bayan ganye har ya yi fari-fari ya bushe. Wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe yana rage su. Darɓa da fararen ƙwarin da ke maƙalewa a hammatar reshe, a daka ƙwallon darbejiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako har sau uku. Ƙatuwar koriyar tsutsa da ke cinye ganye da damina, hannu ya ishe ta.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne ana sayar da ita ba a gaya wa mai saye cewa guba ce. 'Yar uwar tumfafiya ce, kuma ruwan da ke fita in an yanke ta yana ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da shi. Mai aski ko tiyatar gindi ya sa safar hannu ko leda, kada ya taɓa ido, ya wanke hannu da wuƙa da sabulu, kuma kada wuƙar ta koma kicin. Rassan da aka datse a binne su, kada a watsa a bola inda awaki ke kiwo. A gidan da ke da yara masu rarrafe a ɗora tukunyar inda hannu ba ya kai. Yaron da ya tauna ganye ko fure a kai shi asibiti nan take tare da guntun shukar, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru. Ina kira ga masu fulawa su riƙa faɗa wa kowane mai saye wannan, tare da shawarar sauya ƙasar leda kafin damina ta kankama.

Wassalam.

Mai karatunku,
wani mai renon furanni daga Kano